SHARHI: Tsoffin hotunan jiragen yaƙi da sabon fargaba a iyakar Magarya da Dungas

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, hoton jirgin yaƙi ya shiga sahun abubuwan da suka fi saurin yawo a wayoyin mazauna iyakar Nijar da Najeriya. Galibi hoton kan iso ne tare da saƙon murya a WhatsApp: a ce jirgin Faransa ne ya sauka a wani daji, ko na ƙungiyar CEDEAO ne ke shirin tasowa, ko kuma na Rasha ne ya kawo ɗauki. Ba kwanan wata, ba sunan wurin da aka ɗauka, ba a kuma san wanda ya ɗauka ba.

Da yawa daga cikin irin waɗannan hotuna na gaske ne, ba haɗa su aka yi ba. Tsofaffi ne da aka cire musu bayaninsu na asali aka liƙa musu sabo. A makonnin farko na juyin mulkin, masu binciken gaskiyar labarai sun gano cewa wani bidiyo da aka yi ta yaɗawa a matsayin jirgin sojan Rasha yana sauka a Yamai, a birnin Khartoum na Sudan aka ɗauke shi, shekaru da yawa kafin a san za a yi juyin mulkin.

A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, irin wannan hoto ya wuce abin hira a majalisa. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum sama da 900,000 ne ke zaune a gundumomin biyu, waɗanda a da guda ɗaya ne kafin a cire Dungas daga Magarya a 2011. Rayuwarsu a ɗaure take da ƙetaren iyaka. Daga Magarya zuwa Kano bai kai kilomita 200 ba, alhali zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne. Mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da direban da ke bin hanyar Tinkim zuwa Babban Mutum, da matar da ke da 'ya a gidan aure a Daura ko Baɓura, duk suna yanke shawarar fita ko zama ne da abin da suka ji game da hanya. Hoto ɗaya da aka yi wa ƙaryar bayani ya isa ya hana mutum cin kasuwar mako.

Lokacin da iyakar ta zama bakin daga

Ba wannan ne karon farko da jiragen yaƙi da jita-jitarsu suka dabaibaye wannan yanki ba. Iyakar da tawagar Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908, ta taɓa raba ɓangarori biyu masu gaba da juna a Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yunin 1940, yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar, sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, ƙarƙashin babban gwamna Pierre Boisson da ke zaune a Dakar. Najeriya tana hannun Ingila, wadda ke yaƙi da Jamus. Chadi kuma, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bayyana goyon bayanta ga Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Haka Magarya ta wayi gari a ɓangare guda, Daura da Kano a ɗaya ɓangaren, har zuwa ƙarshen Nuwamban 1942 da Boisson ya koma bayan ƙasashen ƙawance, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Arewacin Afirka.

A cikin waɗannan shekaru ne Kano ta zama babban zango na jiragen yaƙi. Da tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen sama a cikin manyan akwatunan katako zuwa tashar Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, daga nan Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan ta El Fasher da Khartoum, su ƙare a Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000 da ke cin kusan mako guda, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Ƙananan jirage samfurin Hurricane kan tafi ne a ayari, wani babba samfurin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya yana gabansu, kamar madugu da fatakensa.

Jamus ta san muhimmancin hanyar. A watan Janairun 1942 wani jirginta ƙwaya ɗaya samfurin Heinkel ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙona man da aka tara a wurin.

Talakan Magarya na wancan lokaci bai ga Takoradi ba, bai ga Masar ba. Abin da ya gani shi ne tsaurin iyaka, da aikin tilas, da karɓe hatsi da dabbobi da sunan yaƙi, abin da ya sa iyalai da dama suka ƙetara kudu. Ba a soke aikin tilas a yankunan Faransa ba sai a watan Afrilun 1946. Masanin nan ɗan Amurka William Miles, wanda ya zauna a Magarya kuma ya kwatanta garin Yekuwa na Nijar da maƙwabcinsa Yardaji na Najeriya a littafin da ya fitar a 1994, ya nuna yadda bambancin mulkin Faransa da na Ingila ya bar tabo a zukatan Hausawan ɓangarorin biyu.

Ina hotunan suke?

An ɗauki hotunan wannan zamani da yawa, sai dai akasarinsu ba su zauna a inda aka ɗauke su ba. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan yana riƙe da hotunan hanyar Takoradi, ciki har da na leburori 'yan Afirka suna fasa akwatuna suna turo jirage. Hukumar ECPAD da ke kusa da birnin Paris ce ke adana hotunan rundunar sojan Faransa. Takardun mulkin mallaka kuma sun rarrabu tsakanin Aix-en-Provence da Dakar da Yamai da Kaduna.

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar tarihin jirage da suka mai da tattara waɗannan hotuna abin yi. Sukan kwashe makonni suna muhawara a kan hoto ɗaya: wane samfuri ne, lambar da ke jikinsa ta wace runduna ce, a wane fili aka ɗauka, a wace shekara. Ƙa'idarsu ita ce hoton da ba shi da bayani rabin hoto ne. Amma idonsu a kan jirgin yake. Mutanen da ke tsaye a gefe da gammo a ka, ko suna mirgina gangunan mai, ba kasafai ake tambayar sunansu ko garinsu ba.

Sakamakon haka shi ne an raba hoto da masu labarinsa. Hoton yana Landan da bayanin Turanci, labarin yana bakin tsofaffi a Wacha ko Malawa ko Dogo-Dogo, su kuma suna ta ƙarewa. Matashin da ya ci karo da tsohon hoton jirgi a Facebook ba shi da abin da zai auna shi da shi. Wanda bai taɓa jin cewa jiragen Ingila sun cika filin Kano shekaru 80 da suka wuce ba, ko cewa jiragen farko sun sauka a Kano tun a watan Nuwamban 1925, ko cewa a Kano aka sauke jiragen MiG da Tarayyar Sobiyet ta kawo wa gwamnatin Najeriya a 1967 lokacin yaƙin basasa, duk hoton jirgin soja a ƙasar Hausa da aka nuna masa zai iya ɗaukarsa na jiya ne.

Abin da ke sa hoton jirgi saurin ruɗarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Hoton jirgin yaƙi na daga cikin wuraren da wannan magana ke buƙatar taka tsantsan, kuma tsoffin hotunan da kansu sun isa darasi.

Na farko, tambarin da ke jikin jirgi. Na Ingila da na Faransa duka zobba ne masu launin ja da fari da shuɗi, sai dai an juya su: na Ingila shuɗi ne a waje ja a tsakiya, na Faransa ja ne a waje shuɗi a tsakiya. A hoto baƙi da fari wannan bambanci kan ɓace, wani irin fim na da ma yakan fito da ja ya yi duhu, shuɗi ya yi haske, har ƙwararru su yi saɓani. Jiragen Vichy an riƙa yi musu zane-zanen ja da rawaya a hanci da wutsiya, na mabiya de Gaulle kuma suna ɗauke da gicciye mai sanda biyu. A yau ma tambarin sojan saman Nijar da na Najeriya duka suna da kore da fari, ruwan lemon da ke na Nijar ne ya raba su, kuma a hoton da aka ɗauka daga nesa da ƙaramar waya, aka tura shi hannu goma har ya dusashe, da wuya a ga wannan.

Na biyu, samfurin jirgi ba ya nuna mai shi. A lokacin yaƙin, jirgin nan ƙirar Amurka na kamfanin Glenn Martin yana hannun sojojin Vichy a Afirka ta Yamma, yana kuma hannun Ingila, wadda ta sa masa suna Maryland. Haka abin yake yanzu da jirgin dakon kaya samfurin C-130: Amurka na da shi, Faransa na da shi, Najeriya na da shi, Nijar ma ta karɓi irinsa daga Amurka a 2021. Duk wanda ya nuna hoton C-130 ya ce ga hujjar zuwan wata ƙasa, bai riga ya nuna komai ba.

Na uku, yanayin ƙasa. Jar ƙasa da ƙaya da hazo iri ɗaya ne daga Senegal har Sudan. Filin da ke Gao ko Njamena ko El Fasher, in an yanke gefen hoton, zai iya wucewa a matsayin bayan garin Dungas.

Yanzu kuma an ƙara da hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, waɗanda ba su da asali ko kaɗan.

Fargabar tana da tushe

Kuskure ne a ɗauka cewa masu yarda da waɗannan hotuna jahilci ne kawai ke damunsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A watan Fabrairun 2022 hukumomin jihar Maraɗi sun sanar da mutuwar yara bakwai a ƙauyen Nachade da ke kusa da iyaka, a wani harin sama da suka ɗora wa sojojin Najeriya masu farautar 'yan bindiga. A watan Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya hallaka mutane da dama a taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Mutanen kan iyaka sun ji waɗannan labarai, kuma da harshensu suka ji su.

Ga kuma maganganun hukumomi da kansu. CEDEAO ta yi barazanar amfani da ƙarfi bayan juyin mulkin, majalisar sojojin CNSP ta rufe sararin samaniyar Nijar a ranar 6 ga Agustan 2023, bayan kwana uku kuma ta zargi wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Njamena da keta shi, zargin da Faransa ta musanta. Sojojin Faransa sun kammala ficewa a ranar 22 ga Disamban 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a watan Agustan 2024. A ranar 25 ga Disamban 2024, a wata hira da ya yi da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, Janar Abdourahamane Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don tayar da zaune tsaye a Nijar. Mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito shi ma da Hausa ya musanta.

Idan manya biyu suka yi musu a bainar jama'a, kowanne bai ajiye hujjar da talaka zai iya dubawa da idonsa ba, wagegen giɓi ake bari. Tsohon hoto ne ke cike wannan giɓi, domin shi ne ya fi kama da hujja. Mai goyon bayan sojoji ya samo nasa, mai adawa da su ya samo nasa, kowa ya tura wa dangi.

Akwai kuma haɗari ga mai turawar. A watan Yunin 2024 mahukuntan Nijar sun yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyara, suka dawo da hukuncin ɗauri, inda yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ke iya jawo shekara biyu zuwa biyar a gidan kaso. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun soki gyaran da cewa zai iya zama takunkumi ga faɗin albarkacin baki. Ko ma dai yaya aka kalle shi, manomin da ya tura hoto don ya gargaɗi ɗan'uwansa yana cikin waɗanda dokar za ta iya hawa kansu, alhali wanda ya fara liƙa wa hoton ƙarya wataƙila ma ba ya cikin ƙasar.

Darasin itatuwan gawo

Magarya tana da shaida a gida kan amfanin tsohon hoto idan yana tafe da kwanan watansa. Shekaru da dama ana maganar cewa hamada na cinye kudancin Nijar. Da masanin ƙasa Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya ɗauko hotunan da jirage suka ɗauka daga sama a 1975, ya jera su da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 2000, sai aka ga itatuwa sun ƙaru a gonaki ninkin-ba-ninkin. Wani nazari da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, manoma sun raya itatuwa, musamman gawo, a fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa da yi masa sassabe.

Abin da ya ba waɗannan hotuna daraja shi ne an san ranar da aka ɗauke su, an san daidai wurin, an san hukumar da ta ɗauka. Da a ce an jefo su a WhatsApp ba bayani, da sun zama hoton ƙasa da ɗigo-ɗigo kawai, kowa ya fassara yadda ya so. Da bayaninsu kuwa, sun sauya yadda duniya ke kallon manomin Damagaram.

Abin da za a iya yi

Aikin farko na tattarawa ne, kuma lokaci na ƙurewa. A gidajen 'yan mazan jiya da suka yi wa Faransa ko Ingila aikin soja, akwai hotuna da littattafan soja da lambobin yabo a cikin akwatunan ƙarfe, gara da damina suna cinsu. Ɗaukar su da waya ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da ke buƙatar haƙuri shi ne zama da dattijon gida a rubuta sunan mai hoton, garinsu, shekarar da ya tafi da inda aka kai shi. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin daular Damagaram, ita ce ta fi dacewa ta jagoranci irin wannan aiki, ta haɗa hannu da cibiyar IRSH ta Yamai, da Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna. Saɓanin gwamnatoci bai kamata ya hana malaman tarihi musayar kwafin hoto ba, tunda tarihin guda ne.

Na biyu shi ne neman kwafin abin da ke waje. Wasu daga cikin hotunan Landan an riga an ɗora su a intanet. Abin da ya rage shi ne a fassara bayaninsu zuwa Hausa, a kai su makarantu da gidajen rediyon al'umma, a kuma nuna wa tsofaffi ko za su gane wuri ko sutura ko sana'ar da Baturen da ya ɗauka bai damu ya rubuta ba.

Na uku ya shafi wayar da ke hannun kowa. Manhajoji irin su Google Lens da TinEye kan nuna inda hoto ya taɓa fitowa a baya cikin ɗan lokaci kaɗan. Ba kowa ne zai iya amfani da su ba, amma a kowane gari akwai matasan da ke cajin waya da tura fina-finai da waƙoƙi, waɗanda ta hannunsu hotuna da yawa ke bi. Horar da su, da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa, zai fi kama mutane tasiri. Tambayoyi uku ne kawai ake so su zama jiki: yaushe aka ɗauka, a ina, wa ya ɗauka?

Na huɗu yana wuyan hukumomin ƙasashen biyu. Duk lokacin da jirgi ya yi shawagi a kan garuruwan iyaka aka yi shiru, ko aka yi zargi mai nauyi ba tare da hujjar da za a iya tantancewa ba, an buɗe wa masu tsoffin hotuna kasuwa. Sanarwa gajeriya da Hausa daga ofishin gwamna ko na kantoma, a ranar da abin ya faru, ta fi dogon musu bayan mako guda.

Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin an sake buɗe ta a watan Maris na 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. Dangantakar Yamai da Abuja na ci gaba da hawa da sauka, kuma duk lokacin da ta yi tsami hotunan jirage za su sake fitowa. Mutanen Magarya da Dungas sun riga sun ga irin wannan zamani tsakanin 1940 da 1942, suka fita daga cikinsa da zumuncinsu da kasuwanninsu. Sanin wancan tarihi, da hotunansa da ranakunsa, na daga cikin abin da zai taimaka wa jikokinsu su bambance jirgin da ke sama yau da wanda ya sauka tun kafin a haifi iyayensu.